Da Takalmi Ko Ba Takalmi? Tambayoyi da Amsoshi Kan Horon Wasannin Kare Kai

Duk wanda ya leƙa zauren judo ko na kareti zai tarar da takalma jere a bakin ƙofa, masu su kuma suna can ciki suna ta atisaye ba komai a ƙafa. Idan ya leƙa wurin 'yan damben zamani ko 'yan kokawar katifa, sai ya iske kowa ya ɗaure takalminsa tamau har saman idon sawu. Wannan bambanci yakan sa sabon shiga ya ɗauka cewa ɗaya ɓangaren ne ke kan daidai, ɗayan kuwa al'ada kawai yake bi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a kan lamarin, kuma amsar mafi yawansu tana komawa ne ga abubuwa uku: irin ƙasan da ake takawa, irin abin da ƙafar za ta yi wa jikin abokin atisaye, da kuma lafiyar ƙafar ita kanta.

Me ya sa ake cire takalmi a judo, kareti da makamantansu?

Dalilin farko yana cikin tsarin gidajen Japan, inda ake shimfiɗa tatami a ɗaki, wato tabarma mai kauri wadda ake cusa wa cikinta karan shinkafa a saƙa mata fuska da wata ciyawa mai laushi. A kan wannan shimfiɗa ake zama, a kanta ake cin abinci, a kanta ake kwana, saboda haka babu wanda ke hawanta da takalmin da ya tako titi. Lokacin da Jigoro Kano ya kafa makarantarsa ta Kodokan a birnin Tokyo a 1882, a wani ɗakin wurin ibada mai tatami 12 kacal ya fara koyar da judo, kuma ƙa'idar ɗakin ita ta zama ƙa'idar wasan. Kareti, wanda asalinsa tsibirin Okinawa ne, ya shiga wannan tsari sosai bayan da Gichin Funakoshi ya kai shi Tokyo a 1922, inda ya ari tufafin judo da ɗamararsa da kuma ladubban zaurensa.

Sai dai ba tarihi kaɗai ya riƙe wannan ƙa'ida har yau ba. A judo da jujitsu na Birazil, mutum yakan shafe rabin lokacinsa a kwance, kumatunsa manne da katifa, wani lokacin ma bakinsa a buɗe yana haki, alhali wani ya danne shi. Duk abin da takalmi ya kwaso daga kwata ko banɗaki, a nan fuskar za ta same shi. Haka nan ƙasan takalmi yana yage rigar katifa, katifar wasa kuwa ba ta da arha. Ƙari a kan haka, akwai dabarun taɗiya da ake yi da tafin ƙafa, inda ake share ƙafar abokin wasa a daidai lokacin da yake shirin ɗora nauyinsa a kanta, kuma wannan aiki yana bukatar tafin ya lanƙwashe ya rungumi idon sawun wancan, abin da takalmi mai tauri ba zai bari a yi ba sai da ƙujewa.

To, waɗanne wasanni ne ake sa takalmi, kuma me ya sa?

Suna da yawa fiye da yadda ake zato. A damben zamani ana sa takalmi mara nauyi mai dogon wuya, wanda ba shi da tudun dunduniya, domin ɗan dambe yana juyawa ne a kan gaban tafin ƙafarsa duk lokacin da ya kai naushi, kuma ƙafar ba ta taɓa jikin kowa balle a ji tsoron ta ji masa ciwo. A kokawar da ake yi a gasar Olamfik, takalmi wajibi ne: mai laushi ne kamar safa, yana kama katifa yadda ɗan kokawa zai iya tunkuɗa da dukkan ƙarfinsa ba tare da ya zame ba, yana kuma kare yatsu daga maƙalewa. Sambo, wani nau'in kokawa wanda Tarayyar Sobiyet ta amince da shi a matsayin wasa a 1938, ya ɗauki riga irin ta judo amma ya riƙe takalmin fata mai taushi. Masu kunfu da taici na ƙasar Sin sun saba atisaye a tsakar gida da filaye, a kan dutse ko ƙasa mai tauri, shi ya sa takalmin yadi ko kambas mai siririn ƙasa ya zama wani ɓangare na shigarsu.

Misalin da ya fi kowanne fito da batun fili shi ne sabat, damben ƙafa na Faransa, wanda ya taso a titunan Paris da tashar jiragen ruwa ta Marsel a ƙarni na 19, aka kuma nuna shi a gasar Olamfik ta Paris a 1924. A wannan wasa takalmin shi ne makamin. Idan shuri za a kai, ba a yarda a doki abokin karawa da ƙwauri ko gwiwa ba, sai da takalmi, ko dai bakinsa, ko gefensa, ko ƙasansa. Idan aka cire wa ɗan sabat takalmi, an cire masa rabin dabarunsa, kamar yadda za a ɓata wa ɗan judo aiki idan aka tilasta masa sa shi.

Da gaske ne atisaye ba takalmi yana ƙara wa ƙafa ƙarfi?

Akwai gaskiya a ciki, amma ana yawan zuzuta ta. Ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, tare da ƙananan tsokoki da jijiyoyi masu yawa da ke riƙe da bakan tafin ƙafa. Takalmi mai kauri da tallafi yana ɗauke wa waɗannan ƙananan tsokoki wani kaso na aikinsu, kuma tsokar da ba ta aiki ba ta ƙarfi. Mai atisaye ba takalmi yana buɗe yatsunsa ya kama ƙasa da su, yana tsayawa a kan ƙafa ɗaya sau da yawa yayin shuri, don haka a hankali ƙafar takan ƙara ƙwari. Sannan fatar tafin ƙafa cike take da jijiyoyin ji, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa inda nauyin jiki ya karkata tun kafin ido ya lura, kuma roba mai kauri tana dusashe wannan saƙo.

Abin da ba daidai ba ne shi ne a ɗauka cewa cire takalmi kaɗai zai mai da mutum gwani, ko kuma cewa masu sa takalmi ƙafarsu ta mutu. Duk wanda ya taɓa kallon yadda gogaggen ɗan dambe ke zagaya fili ya san ba a rasa tsayuwa mai kyau a cikin takalmi ba. Takalmi mai siririn ƙasa yana barin mafi yawan wannan ji ya wuce, kuma ƙarfin ƙafa abu ne da ake iya ginawa daban, ta hanyar ɗage dunduniya a sauke, da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, da tattaro tawul da yatsu.

Waɗanne raunuka ne suka fi samun mai atisaye ba takalmi?

Yatsu ne suka fi shan wahala. Ƙaramin yatsa yakan faɗa tsakanin katifu biyu da ba a haɗa su da kyau ba, jiki ya juya shi kuma ya tsaya, sai targaɗe ko gocewa ko karaya. Babban yatsa yakan lanƙwashe sama fiye da ƙima idan mutum ya tunkuɗa da ƙarfi ko wani ya faɗo masa a kan dunduniya, kuma wannan rauni na gindin babban yatsa yana da naci, domin kowane taku sai ya motsa wurin. Akwai kuma shurin da ya sauka a kan gwiwar hannun abokin wasa maimakon cikinsa, wanda ke iya tsaga ɗaya daga cikin siraran ƙasusuwan bayan ƙafa. Bayan waɗannan sai ƙananan abubuwa irin su bororo a gaban tafi saboda yawan juyi, ƙujewar bayan yatsu a kan katifa, da tsagewar fata a ƙarƙashin yatsa, wadda ba ta da girma amma tana hana mutum sakat.

Masu kendo, wato wasan takobin gora na Japan, suna da nasu ciwon daban, domin suna buga ƙafar dama da ƙarfi a kan daɓen katako duk lokacin da suka kai sara. Wanda bai iya bugun ba yakan sauka a kan dunduniya, ta yi tsami har ya kasa takawa, shi ya sa ake sayar musu da matashin dunduniya na musamman.

Idan haka ne, ashe takalmi ya fi aminci?

Ba a kowane hali ba, kuma wannan ita ce amsar da ya kamata a fi natsuwa a kanta. Takalmi yana kare yatsu da fata, amma yana iya mai da haɗarin sama, zuwa gwiwa, wadda gyaranta ya fi wuya nesa ba kusa ba. A shurin da ake kaiwa ta gefe, ƙafar da ke tsaye dole ta juya a kan gaban tafinta, dunduniya ta kusa fuskantar abokin karawa, domin ƙugu ya buɗe. Idan ƙasan takalmin roba ne mai kama ƙasa, katifar ita ma mai kamawa ce, sai ƙafar ta kafe a wuri ɗaya yayin da cinya da ƙugu suka riga suka tafi. Murɗawar da ya kamata ta ƙare a ƙasa sai ta ƙare a cikin gwiwa, a kan jijiyoyin da ke riƙe da ita da kuma guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan. Raunin yatsa yakan warke cikin makonni, amma tsinkewar jijiyar gwiwa kan kai ga tiyata da jinyar watanni masu yawa.

Wannan ne ya sa takalmin atisayen takwando, wasan shuri na Koriya, yake da wani zagaye mai santsi a ƙarƙashin gindin babban yatsa, domin ya bar ƙafar ta juya. Takalmin dambe shi ma an yi shi ne ya kama ƙasa idan ana matsawa gaba ko baya, amma ya saki idan ana juyi. Takalmin kokawa kuwa kamunsa ya fi ƙarfi, saboda haka wanda ya sa shi ya shiga atisayen shuri a kan katifar roba ya kamata ya yi hattara.

Sai kuma batun abokin atisaye, wanda mutane kan manta da shi idan suna lissafin amincin kansu. Bakin takalmi, da igiyarsa, da ƙarfen ramin igiya, da gefen robarsa, duk suna iya tsaga gira ko su shiga ido. Wannan na cikin dalilan da suka sa dokokin bai-ɗaya na gasar faɗan gauraye, wato wasan da ya haɗa naushi da shuri da kokawa, waɗanda aka tsara a jihar New Jersey ta Amurka a farkon shekarun 2000, suka hana sa takalmi kwata-kwata, alhali a gasannin farko na UFC, wata babbar gasar wannan faɗa da aka fara a 1993, an ga masu shiga da takalmansu.

Zan iya amfani da takalmin guje-guje da nake da shi?

Gara a bar shi. An ƙera takalmin gudu ne domin tafiya gaba a miƙe, dunduniyarsa ta fi gabansa tudu, ƙasansa kuma soso ne mai kauri. Wasan kare kai kuwa cike yake da matsawa gefe da juyi da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, kuma mutumin da ke tsaye a kan soso mai tsayi ya fi saurin turguɗewa a idon sawu. Abin da ake nema shi ne takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, siriri, mai lanƙwasuwa a hannu, wanda gabansa ke da faɗin da yatsu za su baje, kuma wanda ba a taɓa fita da shi titi ba idan a zaure za a sa shi.

Shin dabarar shuri tana canzawa idan an sa takalmi?

Tana canzawa ƙwarai. Ɗan kareti da ke shurin gaba ba takalmi yana ɗage yatsunsa sama ne ya doki da tudun da ke ƙarƙashinsu, domin idan yatsun suka riga isa, su za su karye. A cikin takalmi mai tauri ba a iya ɗage yatsun haka, kuma ba a ma bukata, tunda bakin takalmin ya zama wurin dukan, ƙarfin kuma ya taru a ɗan ƙaramin wuri. 'Yan damben Tailan sun kauce wa matsalar ta wata hanya, inda suke dukan da ƙwauri, ƙafar kuma ba ta da wani aiki sai bin baya, don haka salon nasu bai cika damuwa da akwai takalmi ko babu ba, in ban da batun juyin ƙafar da ke tsaye.

Nauyi ma yana da tasiri. Ko ɗan ƙaramin nauyi ne, idan yana can ƙarshen ƙafa, yana rage saurin ɗagawa da saurin dawowa, ƙafar da ta yi jinkirin dawowa kuwa ita ake cafkewa. A kokawar ƙasa, takalmi yana ba abokin karawa wurin riƙo: ƙafar da ta jiƙe da gumi takan sulluɓe daga hannun mai neman murɗa ta, amma wadda ke cikin takalmi ba ta sulluɓewa da sauƙi.

Ni don kare kai nake koyo, kuma ba wanda zai jira in cire takalmi a titi. Ba ɓata lokaci nake yi ba?

Ba ɓata lokaci ba ne, amma ƙorafin yana da tushe. Abubuwan da suka fi muhimmanci a faɗa, wato sanin tazara, da sanin lokacin kai hari, da iya faɗuwa ba tare da an fasa kai ba, da natsuwa idan an sha duka, duk ana koyonsu ne ta hanyar maimaici mai yawa tare da abokin da ke turjiya da gaske, kuma katifa da ƙafa ba takalmi su ne ke ba da damar yin wannan maimaici shekara da shekaru ba tare da an nakasa juna ba. Wanda ya ƙware a zaure ba ya rasa ƙwarewarsa don ya sa takalmi.

Duk da haka, akwai abin da zaure ba ya koyarwa. Kwalta ba ta barin ƙafa ta ja a kanta yadda katifa ke bari, tayil mai ruwa yana da santsi, tsakuwa tana mirginawa a ƙarƙashin mutum, silifa tana fita tun a taku na biyu, takalmin ofis kuma ƙasansa sumul yake. Tsarin kare kai na Isra'ila mai suna Krav Maga da horon sojoji a ƙasashe da dama sun ginu ne a kan wannan fahimta, shi ya sa suke atisaye cikin takalmin da za a same su da shi. Abin da ya dace ga mai wannan niyya shi ne ya riƙe horonsa na zaure yadda yake, sannan lokaci-lokaci ya fita waje da takalmin da ya saba yawo da shi, ya gwada takunsa da juyinsa da shurinsa a kan buhun duka ko matashin da wani ya riƙe masa, a hankali da farko. Yawancin waɗanda suka yi wannan gwaji sukan gane da kansu cewa shurin da ya wuce ƙugu ba abin dogaro ba ne a wajen zaure.

Yaya batun cututtukan fata?

Wannan matsala ce ta gaske a duk inda mutane da yawa ke taka wuri ɗaya da gumi. Akwai cin ruwa da ke kama tsakanin yatsu, da makero da ke fitowa zagaye-zagaye a jiki ko a kai, da wani ƙurji mai tauri da ƙwayar cuta ke haifarwa a tafin ƙafa, da kuma ƙwayoyin da ke shiga ta ƙaramin rauni su tara ruwa, waɗanda wasunsu ba sa jin maganin da aka saba bayarwa. A Japan kanta, wani nau'in makero ya bazu tsakanin 'yan judo da 'yan kokawa tun wajen shekarar 2000, har ya zama abin da ake duba 'yan wasa a kansa.

Sai dai a lura, ba cire takalmi a kan katifa ne ke kawo yawancin wannan ba, yawo ba takalmi a wajen katifa ne. Mutum ya sauka daga katifa, ya taka zuwa banɗaki haka nan, ya dawo ya hau, to ya kwaso wa kowa. Saboda haka ƙa'idar zaure mai tsabta ba ta da wuya: silifa tana ajiye a bakin katifa, da an sauka a zura ta, da za a hau a tuɓe ta. A goge katifa da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane zama, a yi wanka da sabulu da zarar an tashi, a tsane tsakanin yatsu sosai, kuma duk wanda ya ga wani tabo mai ƙaiƙayi ko ƙurji mai ruwa ya dakata ya ga likita kafin ya dawo. Shi ma takalmin ba tsira ba ne, domin wanda aka cusa a jaka da danshinsa har washegari ya zama gidan cin ruwa.

Safa fa, ba za ta raba gardama ba?

Safa ta yau da kullum ita ce mafi muni a cikin zaɓin uku, domin tana da santsi a kan katifa da katako, kuma ba ta kare yatsu daga komai. Akwai safa mai ɗigon roba a ƙasa wadda ake yi domin wasannin katifa, kuma tana da amfani ga wanda ke rufe rauni ko yake atisaye a wuri mai tsananin sanyi, idan mai horarwa ya yarda.

Su wane ne bai kamata su yi atisaye ba takalmi ba?

Na farko shi ne mai ciwon suga, musamman wanda jin ƙafarsa ya fara raguwa. Irin wannan mutum yana iya yankewa ko ya yi bororo bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa saboda ƙarancin gudun jini, har ƙaramin abu ya zama gyambo. Likitoci suna gargaɗin masu wannan larura da kada su yi yawo ba takalmi ko a cikin gida, balle a wurin da ake juyi da tsalle. Haka nan mai buɗaɗɗen rauni ko cutar fata a ƙafa, saboda kansa da saboda sauran mutane. Mai ciwon dunduniya irin wanda ke tsananta a takun farko na safiya, da mai ciwon agara, da wanda likita ya ba shi abin sawa a cikin takalmi domin gyaran taku, duk ya kamata su nemi shawara kafin su hau daɓe mai tauri ba komai a ƙafa. Yara masu tasowa, tsakanin shekara 8 zuwa 14, sukan yi fama da ciwon dunduniya idan tsalle ya yi yawa a wuri mai tauri, kuma bai kamata a ɗauki kukansu a matsayin ragwanci ba.

Mai irin wannan uzuri ya sami mai horarwa tun kafin a fara darasi ya yi masa bayani. Mafi yawan zauruka suna amincewa da takalmin katifa mai laushi wanda ba a fita da shi waje. Malamin da ya ji bayanin larura irin ta ciwon suga ya kuma dage cewa sai an cire, ya fifita ladabin zaure a kan lafiyar ɗalibi, kuma neman wani zauren ya fi.

A gida nake atisaye, a kan siminti. Me ya fi?

Takalmi, ba tare da dogon tunani ba. Wasannin da ake yi ba takalmi an gina su ne a kan tatami, ko katifa, ko daɓen katako mai ɗan lotsawa, ko ƙasar da aka gyara musamman kamar ta dandalin sumo, kokawar gargajiya ta Japan. Siminti ba ya lotsawa ko kaɗan, duk tsallen da aka yi a kansa dunduniya da ƙwauri da gwiwa ne ke shanye shi, kuma kaushinsa yana cin fata. A fili kuwa akwai kwalba da ƙusa da ƙaya, ga zafin ƙasa da rana, ga kuma tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa a wurin da bayan gida ya gurɓata. Yashi mai tsabta da ciyawar da aka bincika da kyau su ne wuraren da cire takalmi a waje ke da ma'ana, kuma yana da kyau mai yin haka ya tabbatar rigakafinsa na ciwon sandarewar jiki bai tsufa ba.

Na saba da takalmi, yanzu zan koma ba takalmi. Yaya zan fara?

A hankali, domin fata da jijiyoyi ba sa saurin sabo kamar yadda zuciya ke so. Wanda ya shekara yana taka takalmi mai tudun dunduniya, agararsa da sharaɓarsa sun saba da wannan tsayin, kuma ranar da ya sauke dunduniyar ƙasa ya yi sa'a biyu yana tsalle, washegari zai ji a jikinsa. Ya fara da ɗan lokaci kaɗan a kowane zama, ya riƙa ƙarawa cikin makonni, ya rage tsallen igiya da gudu har ƙafar ta saba. Tsamin tsoka ba abin damuwa ba ne, amma zafi mai tsini a wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda ke ƙaruwa da taku, alama ce ta a tsaya a duba.

Kanta, wato taurin fata, za ta fito a gaban tafi, kuma ana son ta, amma daidai gwargwado. Idan ta yi kauri ta bushe, sai ta tsage ko ta ɓalle gaba ɗaya ta bar jan nama, don haka a riƙa goge ta da dutsen goge kaushi bayan wanka a shafa mai, haka ma dunduniya domin gudun faso. A yanke farce gajere kuma a miƙe kafin kowane zama, tunda farcen babban yatsa yana yanka abokin wasa kamar reza, kuma alƙalan gasa suna duba shi. Yatsan da ya yi targaɗe ana ɗaure shi da filasta tare da maƙwabcinsa, a sa ɗan auduga a tsakani, amma idan ya karkace ko ya kumbura ya yi baƙi, hoton ƙashi ya kamata a yi kafin a ɗaure.

Idan gasa nake nufi, da wanne zan yi atisaye?

Da abin da dokar gasar ta tanada, kuma a karanta dokar tun da wuri. Judo da jujitsu na Birazil da damben Tailan da faɗan gauraye ba takalmi ake yinsu. A karawar kareti ƙarƙashin hukumar duniya ana sa kariyar ƙwauri da ta bayan ƙafa, ja ko shuɗiya, amma tafin yana taɓa katifa. A takwando, wanda ya zama cikakken wasan Olamfik a Sidni a 2000, ana sa wata safa mai na'ura wadda ke aiki tare da rigar kariya wajen ƙirga maki, tsarin da aka fara amfani da shi a Olamfik a Landan a 2012, kuma wanda bai saba da ita ba yakan ga shurinsa ya sauka amma allo bai nuna komai ba. Dambe da kokawa da sambo da sabat kuwa kowanne da irin takalminsa. Ɗan takwando na iya sa takalmin atisaye a ranakun da yake maimaita dabaru shi kaɗai domin ya huta da bororo, amma makonnin da suka rage kafin gasa ya kamata ya yi su da ainihin abin da zai shiga fili da shi, a kan irin katifar da za a shimfiɗa ranar, kuma sabon takalmi ko sabuwar safa ba a fara gwada su ranar karawa.